Jan Gurufa 72 a Akwatunan Katako: Yadda Awon Kifi Ya Kai Masunci Kotun Ƙolin Amurka

Ranar 23 ga Agusta, 2007, wani jirgin kamun kifi na kasuwanci mai suna Miss Katie yana kwana na shida a Tekun Meksiko, nesa da gaɓar jihar Fulorida ta Amurka. Mutum uku ne a cikinsa har da kyaftin ɗin, John Yates. A cikin kamun da suka tara akwai jan gurufa, wani kifin ƙasan teku mai kauri da faffaɗan baki, wanda masana ke kira Epinephelus morio, gidajen abincin Fulorida kuma ke sayensa da daraja. A ranar ne jirgin sintiri ya matso, jami'i John Jones na hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ya hau don ya duba. Ma'aikacin jiha ne, amma gwamnatin tarayya ta ba shi izinin aiwatar da dokokinta na su. A wannan ɓangare na teku ikon Fulorida yana ƙarewa a mil 9 daga gaɓa, daga nan har mil 200 dokar tarayya ce ke aiki, kuma a ruwan tarayya jirgin yake.

Idon Jones ya fara sauka a kan kifi uku da ke rataye a ƙugiya a saman jirgin, ya ga kamar ba su kai awo ba. Dokar lokacin ta ce duk jan gurufan da tsawonsa bai kai inci 20 ba, wato santimita 50.8, a mayar da shi ruwa nan take. Sai ya shiga binciken sauran kamun. Bai auna duka ba. Yana zaɓo waɗanda ya ga sun yi masa gajarta yana ɗorawa a ma'auni, abokin aikinsa yana rubuta tsawon kowane ɗaya a takarda. Da suka gama, kifi 72 ne suka gaza. Kusan dukkansu suna tsakanin inci 19 da 20. Uku ne kawai suka yi ƙasa da 19, kuma babu ko ɗaya da ya yi ƙasa da 18.75. Wato mafi gajarta a cikinsu, abin da ya rage masa ya kai bai wuce faɗin yatsu biyu ba.

Jones bai kwashe kifin ba. Ya sa aka zuba su a akwatunan katako aka ware su daga sauran, ya ba Yates takardar laifin riƙe kifin da bai kai awo ba, ya umarce shi ya bar akwatunan yadda suke har jirgin ya dawo tasha, sannan ya sauka ya kama gabansa. A nan duk shari'ar ta rataya. Jami'in sintiri ba zai iya jidar kifin kowane jirgi da ya kama yana yawo da shi a teku ba, don haka dole wani lokaci ya bar shaida a hannun wanda ake tuhuma. Amana ce ya bari. Laifin kansa kuwa a wannan mataki ƙarami ne a idon doka: na tara ne ko dakatar da lasisi, babu ɗauri a ciki.

Daga baya Miss Katie ta iso Cortez, wani tsohon ƙauyen masunta da ke kudu da Tampa. Kwana huɗu bayan awon farko, Jones ya zo ya sake auna abin da ke cikin akwatunan. Wannan karon 69 ya samu ƙasa da inci 20, kuma tsawonsu ya ɗan ɗara abin da aka rubuta a teku. Mataccen kifin da ya kwana huɗu a ƙanƙara ba ya ƙara tsawo, don haka ya yi zargin an yi musanya. Da aka tsare ma'aikatan jirgin da tambaya, ɗaya daga cikinsu ya amsa cewa kyaftin ne ya sa shi ya watsar da kifin da aka auna cikin teku, sannan su biyun suka cike akwatunan da wasu daga cikin sauran kamun. Yates ya musanta.

Akwai wani abu a nan da ba a cika tsayawa a kansa ba idan ana ba da labarin. Kifin da aka ce an yi musanyar da su, su ma ba su kai inci 20 ba. Idan maganar ma'aikacin gaskiya ce, to gajerun kifin da ke jirgin sun fi 72 nesa ba kusa ba, tunda an zubar da wasu an kuma samu wasu gajerun da za a cike gurbi da su. Wannan yana nuna ba tsautsayin kifi biyu ko uku ba ne. Yana kuma nuna yadda kamun jan gurufa ke cunkushe a daidai bakin layin da doka ta ja, inda rabin inci ke raba halal da haram.

Dalilin inci 20

Ba haka kawai aka tsinci wannan lamba ba. Dokar Magnuson-Stevens ta 1976 ta raba tekunan Amurka ga majalisun yanki guda takwas, kowace tana tsara yadda za a yi su a ruwanta, hukumar kifin teku ta tarayya kuma tana zartarwa. Majalisar Tekun Meksiko, mai ofis a Tampa, ita ce a 1990 ta sa inci 20 a matsayin mafi ƙarancin tsawon jan gurufa da wasu 'yan uwansa. Manufar a fili take: a bar kifi ya girma ya zuba ƙwai kafin a ɗauke shi, kuma a bar shi ya yi nauyin da kamunsa zai fi riba. Wanda ya kwashe ƙanana yau ya cinye kamun shekara mai zuwa, nasa da na maƙwabcinsa.

Rayuwar wannan kifi ta sa batun ya fi nauyi. Jan gurufa yakan fara rayuwa a mace, sai bayan shekaru wasu su juye su zama maza, don haka ƙanana kusan duk mata ne, manya kuma a cikinsu ake samun mazan. Ba ya saurin girma, yana iya haura shekara 20 a raye. Kuma kifi ne mai gini: yana share yashi da bakinsa da fukafukansa har ya tono dutsen da ke ƙasa, ya yi rami ya zauna, ƙananan kifaye da sauran halittun teku su zo su raɓa a wurin. Idan aka ƙarar da shi a wani yanki, ba shi kaɗai ake rasawa ba. Duk wanda ya san wannan ba zai ɗauki dokar tsawo da wasa ba, ni ma ban ɗauke ta da wasa ba.

Yadda ake awon, da inda gardama take

Faɗin inci 20 abu ne mai sauƙi, amma daga ina zuwa ina? Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san mudu ɗaya ne, amma akwai mai cika shi har ya yi tudu, akwai mai shafe bakinsa da hannu, kuma idan ba a yi magana tun farko ba rigima ce za ta biyo baya. Haka awon kifi yake, shi ya sa dokokin su ke ɓata layuka da dama a kan yadda za a riƙe kifin.

Ana amfani da allo ne shimfiɗaɗɗe mai ɗan katanga a kai, da lambobi a jikinsa. A kwantar da kifin a gefensa, a tura kansa har bakin ya taɓa katangar, a miƙar da jikin, a haɗe reshen wutsiyar biyu a matse, sannan a karanta inda ƙarshenta ya tsaya. Layi miƙaƙƙe ake so. Wanda ya ɗora tef irin na tela a bayan kifi ya bi tudun jikinsa zai samu tsawon da ya wuce na gaskiya, kuma yawancin kifaye doka ba ta karɓar wannan awon a kansu. Wannan shi ne awon cikakken tsawo, kuma da shi ake auna gurufa. Kifaye masu wutsiya mai tauri da tsaga kamar almakashi kuwa, da dama daga cikinsu ana tsayawa ne a tsakiyar tsagar, domin dogayen rassan suna karyewa ko su goge. Kifin nan mai dogon baki kamar mashi daga muƙamuƙin ƙasa ake fara auna shi, a bar mashin. Babban tuna mai shuɗin fiffike kuma, an yarda a bi lanƙwasar jikinsa da tef. Don awo ya yiwu a tasha, doka ta kuma hana a cire kai da fukafukai a teku: ana iya farke ciki a fitar da hanji, amma kifin ya iso gaɓa da kansa da wutsiyarsa.

Nassin tarayya na cikakken tsawo ya ce a auna daga ƙarshen hanci zuwa ƙarshen wutsiya, kifin yana kwance a gefensa, kuma ana iya rufe bakin ko a matse wutsiyar, ko a yi duka biyun, domin a samu awo mafi tsawo. Dokar jihar Fulorida ta fi fitowa fili, ta ce baki a rufe. Jones ya auna kifin Yates baki a rufe, wutsiya a matse. Jan gurufa kuwa muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, kuma ɓangaren Yates ya kafe a kotu cewa da an buɗe bakin da awon ya ƙaru, tunda dokar tarayya awo mafi tsawo ta nema. Ga kifin da ya tsaya a inci 19 da kwata uku, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai kuma batun ƙanƙara. Masunci yana auna kifi ne da ransa, yana fizge-fizge, a kan jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa, hannu da santsi, ga wasu ƙugiyoyin suna tahowa. Jami'i kuwa yana auna shi bayan kwanaki, ya mutu, ya sandare, wani lokaci a lanƙwashe, kuma kifi kan ɗan ragu idan ya daɗe a ƙanƙara. Wanda ya tsaya daidai kan layi ranar da aka kama shi yana iya gazawa da ɗan kaɗan ranar da aka duba shi. Shi ya sa masunta masu kaffa-kaffa ba sa ajiye kifin da ya taɓa layi da kyar, sai wanda ya wuce shi da ɗan rata. Wannan hujja tana iya wanke kifin da ya gaza da kwata na inci. Ba ta iya wanke wanda ya gaza da inci guda da kwata, kuma ba ta bayyana dalilin da ya sa na tasha suka fi na teku tsawo.

Duk wannan gardama da an iya warware ta cikin sa'a guda a Cortez, da kifin farko suna nan. A ɗora kowane ɗaya a allo, baki a rufe, sannan baki a buɗe, a gaban kowa. Idan har Yates yana da gaskiya a kan awon, to shaidar da za ta wanke shi ce ta nutse a teku.

Daga tara zuwa barazanar shekara 20

Aka yi shiru fiye da wata 32. Sai ranar 5 ga Mayu, 2010, masu gabatar da ƙara na tarayya suka tuhumi Yates da laifi uku: lalata kaya don hana hukuma ƙwace su, yi wa jami'an tarayya ƙarya, da kuma karya sashe na 1519 na kundin manyan laifuka. Na farkon yana da ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, kuma ya dace da abin da ake zargi kamar don shi aka rubuta. Na ukun ne ya ta da ƙura, domin ɗaurinsa yana kaiwa shekara 20, kuma asalinsa ba shi da alaƙa da teku ko kaɗan.

Sashen ya fito ne daga dokar Sarbanes-Oxley ta 2002. Kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe a ƙarshen 2001 bayan an gano ha'incin da ke cikin lissafinsa, kuma ya bayyana cewa kamfanin da ke binciken asusunsa, Arthur Andersen, ya yi ta yayyaga takardu da na'ura yayin da bincike ke tahowa. Majalisar dokoki ta so ta toshe wannan ƙofa, sai ta haramta wa kowa ya lalata, ya ɓoye, ya jirkita ko ya shigar da ƙarya a cikin wani kundi, ko takarda, ko wani abu da hannu ke iya taɓawa, da nufin kawo cikas ga binciken tarayya. Masu gabatar da ƙara suka ce kifi ma abu ne da hannu ke taɓawa.

An yi shari'ar a watan Agustan 2011. Masu taimaka wa alƙali suka wanke Yates daga tuhumar ƙarya, suka same shi da sauran biyun. Alƙali ya yanke masa kwana 30 a gidan yari da shekara uku ƙarƙashin sa ido. Hukuncin bai yi tsanani ba idan aka dubi abin da doka ta ba da dama, amma ya bar masa tabon babban laifin tarayya, wanda a Amurka ke bin mutum wurin neman aiki da sauran harkokin rayuwa. Mutumin da tara ce kawai ke jiransa ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 11 ta tabbatar da hukuncin, ta ce shaidar da aka gabatar ta isa a yarda kifin bai kai awo ba, duk da gardamar buɗe baki da rufe shi.

Layin da ya matsa

Kafin a kai ga tuhumar ma, wani abu ya faru da ya sauya fuskar lamarin. A watan Mayun 2009 aka rage mafi ƙarancin tsawon jan gurufa ga masu kamun kasuwanci daga inci 20 zuwa 18, wato santimita 45.7. A ƙarƙashin sabuwar dokar, babu ko ɗaya daga cikin kifi 72 na Yates da ya gaza.

Dalilin ragewar shi ne abin da ya fi damuna a duk wannan labari. Dokar tsawo ta ginu ne a kan zaton cewa kifin da aka mayar ruwa zai rayu. A ruwa marar zurfi hakan yakan tabbata. Amma jan gurufa na kasuwanci daga ƙasa mai zurfi ake jawo shi, galibi da doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa a ƙasan teku. A cikin cikinsa akwai 'yar jakar iska da yake daidaita nitsewarsa da ita. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke saman ruwa, don haka kifin da aka jawo da sauri daga mita 30, iskar da ke cikinsa tana neman ninka girmanta sau huɗu kafin ya iso sama. Jakar takan fashe, iskar ta cika ciki, ta turo tumbi ya fito ta baki kamar jan harshe, idanu su firfito. Idan aka jefa shi ruwa a haka, sau da yawa ba ya iya nitsewa. Sai ya yi ta yawo a sama, ciki a kumbure, har tsuntsu ko babban kifi ya ɗauke shi.

Wato a irin wannan zurfi, dokar da aka kafa don ceton ƙananan kifi tana sa masunci ya zubar da kifin da wani kaso nasa mutuwa zai yi, sannan ya ci gaba da jefa ƙugiya har ya cika kason da doka ta yarda da manya. An yi asara biyu. Majalisar Tekun Meksiko ta duba yawan kifin da ake zubarwa tsakanin inci 18 da 20, ga kuma tantancewar da aka kammala a 2007 da ta nuna jan gurufa ya farfaɗo a Tekun Meksiko, ta ga gara a bari a sauke su a lissafa su cikin kaso da a bar su suna mutuwa ba a ƙirga ba. Abin da masunta suka daɗe suna gani da idonsu a bayan jiragensu ne ya iso teburin majalisa.

Wannan bai wanke Yates ba. Dokar da ke aiki ranar da mutum ya yi abu ita ke hukunta shi, kuma ba kowane kyaftin ne zai zaɓi lambar da ta yi masa ba. Amma ya kamata ya sa mai gabatar da ƙara ya tsaya ya yi tunani. A ranar da aka rubuta takardar tuhumar, gwamnatin da ke tuhumar ta riga ta shekara guda da amincewa cewa irin wannan kifi halal ne a sauke a sayar.

A gaban alƙalai tara

Yates bai ƙalubalanci laifin farko a Kotun Ƙoli ba. Abin da ya kai shi ne tambaya ɗaya: shin sashe na 1519 ya shafi kifi? An saurari ƙarar ranar 5 ga Nuwamba, 2014, kuma lauyan gwamnati ya sha tambayoyi masu zafi. Mai shari'a Antonin Scalia ya nuna ɓacin ransa ƙarara, yana tambayar wane irin mai gabatar da ƙara ne zai jefa mutum cikin haɗarin ɗaurin shekara 20 a kan wannan. Alƙalin alƙalai John Roberts ya taɓo abin da ya fi muhimmanci a aikace: ko da ba za a taɓa yanke shekara 20 ɗin ba, kasancewarta a littafi makami ne, domin ana iya nuna wa duk wanda ya zubar da kifi wannan lamba a ce masa ya amsa laifi ya karɓi ɗan ɗauri, shi kuma don tsoro ya amsa.

Ranar 25 ga Fabrairu, 2015, kotun ta soke hukuncin sashe na 1519 da rinjayen biyar da huɗu. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta ra'ayin da Roberts da Stephen Breyer da Sonia Sotomayor suka sa wa hannu. Ta yarda kifi abu ne da ake gani ake taɓawa, amma ta ce ba a cire jimla daga muhallinta. Taken sashen yana magana ne a kan kundaye, abubuwan da aka jero kafin wannan jimla kundi ne da takarda, kuma aikatau irin su shigar da ƙarya ba sa yiwuwa sai a kan abin da ake rubutu a ciki. Don haka abin da ake nufi shi ne abin da ake adana bayani a cikinsa, kamar ma'ajiyar kwamfuta. Samuel Alito ya ba da ƙuri'a ta biyar da nasa taƙaitaccen bayanin.

Elena Kagan ce ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, tare da Anthony Kennedy da Clarence Thomas da Scalia, wanda duk da fushinsa a zaman sauraro ya tsaya a kan cewa nassin ya haɗa da kifi. Kagan ba ta kare dokar ba. Ta ce doka ce marar kyau, mai faɗi fiye da kima, mai ba masu gabatar da ƙara ƙarfi da yawa, kuma alama ce ta wata cuta da ta yi katutu a kundin laifukan ƙasar. Amma a ganinta gyaran aikin majalisar dokoki ne, alƙali ba shi da ikon sake rubuta dokar da ba ta yi masa ba. Ta kuma tuna wa kowa cewa wanda ya jefar da shaida don ya kuɓuta daga bincike ya yi abin da mai yayyaga takarda ya yi, ko da shaidar tana da ƙaya da wutsiya.

A wannan gaɓa ta ƙarshe ina tare da ita, ko da yake sakamakon da masu rinjaye suka kai ya fi kwanta mini. Idan abin da masu taimaka wa alƙali suka gaskata shi ne ya faru, Yates ya ci amana, kuma cin amanar ya fi kifin muni. Teku ta fi ƙarfin jami'an da ke sintiri a cikinta, jiragen da ake hawa a duba kaɗan ne a cikin masu fita. Tsarin yana tafiya ne saboda yawancin masunta suna auna kifinsu da kansu inda babu mai ganinsu, kuma saboda idan jami'i ya ce a bar akwati ana barinsa. Kyaftin ɗin da ya zubar da akwati ya jawo wa na bayansa a daina yarda da su, a riƙa juyo da jiragensu tasha tun kamun bai cika ba. Ya cancanci hukunci, kuma akwai dokar da aka tanada daidai laifinsa, an kuma hukunta shi da ita.

Inda gwamnati ta wuce gona da iri shi ne ɗauko dokar da aka yi don manyan kamfanoni masu wawure dukiyar jama'a ta ɗora a kan lamarin da tushensa awo ne na inci ɗaya, awon da baki da wutsiya da ƙanƙara ke iya motsawa, wanda ita kanta ta matsar da shi da inci biyu kafin ta shigar da ƙara. Dokar tsawo tana buƙatar masunta su yarda da ita, domin su ne ke riƙe da allon a tsakiyar teku. Masuncin da ya ga ana auna shi da hanyar da nassi bai fayyace ba, ko ya ga ana yi wa ɗan uwansa barazanar shekara 20 a kan kifin da yanzu kowa ke sayarwa, ba zai ƙara ganin jami'in sintiri a matsayin mai kare abincinsa na gobe ba. Kuma da an fi mayar da hankali tun da wuri a kan abin da ke faruwa da kifin bayan an mayar da shi ruwa, da ba a shafe kusan shekara 19 ana tilasta zubar da shi a inci 19 ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli ya zo ne bayan Yates ya riga ya gama kwanakinsa 30, kuma laifin lalata kaya don hana ƙwacewa yana nan a kansa, tunda ba a taɓa shi ba. A teku kuma an ci gaba da gyare-gyare. Daga Janairun 2010 aka koma raba wa masu kamun gurufa na kasuwanci kaso na mutum ɗaya ɗaya, kowa ya san nauyin da zai iya saukewa a shekara. A Janairun 2022 aka wajabta wa masu kamun kifin ƙasan teku a ruwan tarayya na wannan yanki su riƙe ɗaya daga cikin kayan aiki biyu a shirye: allura mai rami da ake huda gefen kifi da ita a fitar da iskar, ko na'ura mai nauyi da ke kama leɓensa ta nitsar da shi zuwa zurfi sannan ta sake shi. Ragin 2009 kuwa bai shafi masu su na nishaɗi ba, nasu ya tsaya a inci 20. Jan gurufa mai inci 19 da aka jawo daga rami ɗaya, jirgin kasuwanci zai sauke shi ya sayar, jirgin 'yan nishaɗi da ke gefensa kuma dole ya mayar da shi ruwa.